Yadda ake shiga kurmin Amazon a ƙaramin jirgin ruwa, daga Zariya har zuwa bakin rafi

Wanda ya tashi yana ganin Kubanni da Galma, ko ya taɓa tsayawa a Lakwaja inda Kwara da Binuwai suka haɗu, yana da ɗan abin kwatance, amma kaɗan ne. Kogin Amazon ya kai kimanin kilomita 6,400, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk ruwan da kogunan duniya ke zubawa a teku daga gare shi yake fitowa. A wurare da yawa, idan kana tsakiyarsa, gaɓa tana zama wani siririn layi kore can nesa. Daga tsakiyar kogin nan ba a ganin dabba. Dabbobin suna cikin ƙananan rafuka da tafkuna da dajin da ruwa ya shanye, inda babban jirgi ba ya shiga.

Saboda haka abin da za ka fara riƙewa shi ne wannan: jirgin masauki ne kawai. A ciki kake kwana, ka ci abinci, ka yi wanka. Ainihin tafiyar a cikin kwalekwale mai inji ake yin ta, wanda jirgin ke ja ko yake ɗauke da shi. Abin da za ka gani ya danganta da abu huɗu, wato yawan ruwa a watan da ka je, da rafin da aka shiga, da yawan mutanen da ke cikin kwalekwalen, da gwanintar ɗan jagora. Mutane da yawa kan zaɓi jirgi saboda hoton ɗakin kwana, su dawo suna cewa ba su ga komai ba sai ganye.

Irin jirgin da ake nufi

Jiragen ruwa iri uku ne ke yawo a can. Akwai manya na teku da ke hawowa har birnin Manaus na Birazil, kimanin kilomita 1,500 daga bakin teku, ɗauke da ɗaruruwan fasinjoji. Akwai na haya da mutanen gari ke shiga, inda kowa ke rataye gadon lilonsa ya kwana. Suna da araha, amma hanyarsu ita ce babban kogi daga gari zuwa gari, kamar motar haya ce a kan titin Kaduna zuwa Kano, ba ta ratsewa don ka ga biri. Na ukun shi ne namu: ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum 8 zuwa 40, wanda gindinsa bai nutse sosai ba, yana tafiya da dare, ya wayi gari a bakin wani sabon rafi. Tafiyar takan kasance ta kwana uku, ko huɗu, ko bakwai. Ga wanda ya taso tun daga Najeriya, kwana uku asara ce. Ranar farko ta tafi a shiga, ta ƙarshe a fita. Kwana bakwai ne ke ba jirgi damar nisa da gari, inda farauta da ƙarar inji ba su kori dabbobi ba.

Ta wace ƙofa za ka shiga

Ƙofa ta farko ita ce Iquitos a ƙasar Peru, ana furta shi Ikitos. Birni ne babba da babu titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasar. Sai ta sama ko ta ruwa. Daga Lima, babban birnin ƙasar, kimanin awa biyu ne a jirgin sama. Yawancin jiragen yawon buɗe ido suna tashi daga Iquitos ko daga garin Nauta, wanda ke da kimanin kilomita 100 a mota daga Iquitos, a titin da ya ƙare a can. Kusa da Nauta ne kogunan Marañón da Ucayali suke haɗuwa, kuma tsakaninsu ne gandun dajin Pacaya-Samiria yake, wanda ya haura kadada miliyan 2. Idan dabbobi ne babban burinka, nan ya fi.

Ta biyu ita ce Manaus. A nan ne kogin Negro, mai ruwa baƙi kamar shayin da ba a sa wa madara ba, yake haɗuwa da Solimões, wato sunan Amazon a Birazil kafin ya iso Manaus, mai ruwan ƙasa-ƙasa kamar kunun kanwa, su yi tafiyar kimanin kilomita 6 kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Dalili shi ne ba su daidaita ba a ɗumi da gudu da nauyi: Negro ya fi ɗumi, ya fi tafiya a hankali. Wannan bambancin launi yana da amfani wajen zaɓi. Ruwa mai laka yana ɗauko taki daga duwatsun Andes, don haka kifi da tsuntsu da biri sun fi yawa a gefensa, haka ma sauro. Baƙin ruwa yana da tsami saboda ruɓaɓɓen ganye, sauro ba ya hayayyafa sosai a cikinsa, amma dabbobin ma sun fi ƙaranci. Wanda zai tafi da dattijo ko da yara, ko wanda cizon sauro ke kumbura masa jiki, Negro da tsibiran Anavilhanas, waɗanda suka kai wajen 400, za su fi masa sauƙi.

Ta uku ita ce kogin Napo a Ekwado, ta garin Coca, kusa da gandun Yasuní, inda ake zuwa ganin ɗaruruwan aku suna sauka da sassafe a jikin wata gaɓa suna lasar ƙasa, kamar yadda dabbobinmu ke lasar kanwa.

Akwai kuma wata hanya daban a tsibirin Borneo: kogin Sekonyer a gandun Tanjung Puting na Indunusiya, inda ake kwana a jirgin katako da suke kira klotok ana ganin babban birin nan orangutan. Ma'aikatan jirgin galibi Musulmi ne, batun abinci ba ya zama matsala, sai dai bizar Indunusiya tana ɗaukar lokaci ga mai fasfon Najeriya. Sauran bayanin nan a kan Amazon yake, ko da yake yawancinsa ya shafi can ɗin ma.

Watan da za ka je

Nan ne aka fi yin kuskure. A Zariya shekara ta kasu damina da rani, ruwan saman da muke samu bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba. A Manaus ya haura 2,000, a Iquitos ya kusa 3,000, kuma babu watan da ba a ruwa. Don haka ba a tambayar yaushe ne rani. Ana tambayar yaushe kogi ya cika, yaushe ya janye.

A yankin Iquitos ruwa yana cika daga Disamba zuwa Mayu, ya janye daga Yuni zuwa Nuwamba. A Manaus cikar tana makara, takan kai ƙololuwa wajen Yuni, ta yi ƙasa sosai a Oktoba ko Nuwamba. Bambancin ba na wasa ba ne: a shekarar da aka saba, ruwan Manaus yana hawa ya sauka da kimanin mita 10. A Yunin 2021 ma'aunin tashar birnin ya kai mita 30.02, a Oktoban 2024 kuma ya faɗi zuwa mita 12.11, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa.

Idan ruwa ya cika, daji yakan zama kamar fadamar da ta yi ambaliya, sai dai itatuwa ne a tsaye cikin ruwa har ƙirji. Kwalekwale yana ratsawa tsakaninsu, kai kuma ka matso kusa da saman bishiya inda birai da tsuntsaye suke, a daidai lokacin da itatuwa da yawa ke 'ya'ya. Tafiyar ƙasa takan yi ƙaranci saboda hanyoyin sun nutse, sauro kuma ya ƙaru. Idan ruwa ya janye, yashi yana fitowa, hanyoyin ƙafa suna buɗewa, kifi ya taru a ƙananan tafkuna, kada da tsuntsayen ruwa su bi shi, sai ganinsu ya yi sauƙi. Amma zafi ya fi yawa, wasu rafukan kuma ba sa shiguwa, bishiyar da ka so dubawa ta koma can sama da kai.

Ra'ayinmu shi ne, ga mai zuwa karon farko, ya zaɓi lokacin da ruwa ke kan cika ko ya fara janyewa, ya guji ƙarshen janyewa. Farin da aka yi a 2023 da 2024 ya hana jirage da dama bin hanyoyinsu. A 2023, a tafkin Tefé na Birazil, ruwa ya yi zafi har ya haura digiri 39, dolfin, wata dabbar ruwa mai shayarwa mai siffar babban kifi, sama da 150 suka mutu. Idan Satumba zuwa Nuwamba kaɗai kake da hutu, ka sa kamfani ya rubuta maka abin da zai yi idan ruwa ya hana tafiya: sauya hanya, ko ɗage rana, ko mayar da kuɗi.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya ko kwabo

Ka tambayi mutum nawa ke shiga kwalekwale ɗaya da ɗan jagora ɗaya. Takwas zuwa goma ya yi. Idan ya wuce sha biyu, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, kafin ya juyo tsuntsun ya tashi. Ka tambayi sau nawa ake fita a rana, kuma ko akwai fitar dare. Ka nemi sunayen rafukan da za a shiga, ka duba su a taswira, ka ga ko da gaske cikin gandun daji suke ko bakinsa kawai ake taɓawa. Ka tabbatar ɗan jagora yana jin Turanci, domin harshen Birazil Fotugis ne, na Peru da Ekwado kuma Sifaniyanci. Ka tambayi ko akwai ma'aikacin lafiya a jirgin, da wayar tauraron ɗan Adam, da awa nawa ne zuwa asibiti mafi kusa daga wuri mafi nisa a tafiyar, da yadda suke tsaron jirgin da dare. Kamfanin da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Kuɗi kuwa, jiragen alfarma sukan kai dala dubu ko fiye a dare ɗaya ga mutum ɗaya. Masu matsakaicin hali 'yan ɗaruruwa ne. Farashin yawanci na mutum biyu ne a ɗaki, wanda zai kwana shi kaɗai yana biyan ƙari. Ka duba ko kuɗin shiga gandun daji da ɗauko ka daga filin jirgi suna ciki. Akwai kuma tukuicin ma'aikata da ake sawa a ambulan ranar ƙarshe. Ka tambayi abin da aka saba bayarwa tun da wuri. Idan za ka riƙe dala a hannu, ka zaɓi sababbi, domin a Peru takardar da ta yage ko da kaɗan ne ba a karɓa.

Takardu da hanya

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza ta Birazil da Peru da Ekwado. Birazil tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ka fara nema aƙalla wata uku kafin tafiya, fasfo kuma ya kasance da sauran fiye da wata shida. Kada ka biya cikakken kuɗin jirgin ruwa kafin biza ta fito, sai in an rubuta cewa za a mayar maka idan aka hana.

Wajen sayen tikitin jirgin sama, ka lura da inda za a yada zango. Bi ta Amurka yana buƙatar bizar Amurka ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Bi ta ƙasashen Turai na Schengen ko ta Ingila shi ma yana buƙatar bizar wucewa ga ɗan Najeriya, sai in kana da wata takarda da ta ɗauke maka. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta Addis Ababa ko Doha ko Istanbul zuwa São Paulo, daga nan kimanin awa huɗu zuwa Manaus, ko ka wuce Lima. Daga Zariya kana iya tashi ta filin Malam Aminu Kano, ko ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja. Ka isa garin da jirgin ruwan zai tashi da kwana ɗaya ko biyu a hannu. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, idan jakarka ta maƙale a hanya ma tana buƙatar ranar da za ta riske ka.

Abu biyu game da kaya. Kada ka ɗauki kilishi ko dambu. Jami'an kula da amfanin gona suna ƙwace nama da ɗanyen iri, goro ma ka bayyana shi a takarda idan ka ɗauka. Na biyu ya fi nauyi: kada ka karɓi saƙon kowa, zuwa ko dawowa, ko da ɗan garinku ne ya roƙe ka a São Paulo. Hanyar nan sananniya ce wajen safarar hodar iblis, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ke amsa tambaya.

Lafiya

Katin rigakafin cutar shawara, wato yalo kad, wajibi ne. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, sashen lafiya na tashoshin shiga da fita na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke ba da katin, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Ka yi allurar da gaske, kada ka sayi kati; cutar tana nan a kurmin.

Maleriya kuwa, kada ka ce ai mun saba. Wadda ta fi yawa a Amazon ita ce nau'in vivax, wanda ke ɓuya a hanta ya dawo bayan watanni, ba irin wanda ya fi damunmu a nan ba. Ka ga likita wata guda kafin tafiya, a asibitin koyarwa na Shika ko wani da ka yarda da shi. Magungunan kariya da aka fi bayarwa biyu ne. Atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga, a sha kullum, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Doxycycline ana ci gaba da shi mako 4 bayan fitowa, yana sa rana ta fi ƙona fata, kuma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Inda aka fi faɗuwa shi ne a daina sha da an dawo gida. Akwai kuma zazzaɓin dengue da Zika, waɗanda sauron rana ke yaɗawa. Mai juna biyu ta ɗage tafiyar.

Maganin shafawa na korar sauro ya kasance mai DEET kashi 20 zuwa 30, ko picaridin kashi 20. DEET yana narkar da roba, yana ɓata gilashin agogo da jikin kyamara, don haka ka shafa da bayan hannu ko ka wanke tafinka. Idan za ka shafa man kariya daga rana, shi ne farko, na sauro a sama. Bayan alwala ka sake shafawa a hannu da ƙafa da wuya, wannan ana yawan mantawa, kuma magariba ce lokacin da sauro ya fi fitowa. Tufafin fita kuma a fesa musu permethrin na kashi 0.5 tun a gida, a shanya su bushe. Ba a shafa shi a fata.

Zafin can bai kai na Zariya a watan Afrilu ba, yakan tsaya wajen digiri 30 zuwa 33, amma laima ta cika iska, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Ka sha ruwa lita uku ko fiye a rana, ka tafi da ƙunshin ORS. Idan ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan famfon ɗakinka sau da yawa na kogi ne da aka tace, na wanka ne. Ka goge baki da na sha. Sannan ka sayi inshorar tafiya wadda ta ƙunshi kwaso mara lafiya daga daji, ka karanta ka ga kalmar a rubuce.

Abin sawa da kayan aiki

Shadda mai sitaci da babbar riga su tsaya a gida, ko a ajiye su don cin abincin dare. Ana buƙatar riga mai dogon hannu uku, wando dogo uku, marasa nauyi, masu saurin bushewa, sakakku amma ba masu jan ƙasa ba. Auduga mai kauri idan ta jiƙe sai ta kwana biyu ba ta bushe ba, ta fara wari. Launi ya zama ruwan ƙasa ko kore mai duhu-duhu ko toka. Baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo sauro, fari fat kuma tsuntsu na hango shi daga nesa. Ga mata, hijabi gajere mara nauyi da doguwar riga a kan wando sun fi zani da dogon hijabi, wanda kan maƙale a ƙusa wajen shiga kwalekwale, yana kuma da haɗari kusa da farfelar inji. A haɗa da hula mai faɗin baki mai igiya, da rigar ruwan sama mara nauyi, da safa doguwa guda biyar ko shida.

Dogon takalmin roba jirgi ne ke bayarwa, ka aika musu lambar ƙafarka. Mai babbar ƙafa, 46 zuwa sama, gara ya zo da nasa. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, kuma kullum ka kife takalmin ka kaɗa kafin ka sa ƙafa.

Abu ɗaya da bai kamata ka yi rowa a kansa ba shi ne madubin hangen nesa, kowa da nasa. Mai lamba 8x42 ya fi dacewa: yana tara haske a duhun kurmi, ba ya kuma rawa a hannu kamar mai lamba 10 ko 12 idan kwalekwale na motsi. Kyamarar waya ba ta ɗauko biri a kan bishiya mai mita 30. Mai son hoto ya nemi gilashin milimita 300 zuwa 400. Ga matsalar da ke samun kusan kowa a safiyar farko: ka fito da madubi daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa iska mai ɗumi da laima, nan take ya yi hazo, ka yi minti ashirin ba ka ganin komai, a daidai lokacin da ya fi kowane daraja. Magani shi ne ka sa kayan a leda mai zif, ka fito da su waje rabin awa kafin tafiya, kada ka buɗe sai sun ɗauki ɗumin waje. Ka zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima a jakar. Ka zo da tocilar goshi, da jakar da ruwa ba ya shiga, da fawa banki a jakar hannu, wanda bai wuce kimanin mAh 27,000 ba. Filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu, sai da adafta. Wutar Peru 220 ce, ta Manaus 127, ta Ekwado 120. Cajar waya tana ɗaukar duka, amma ka karanta jikin duk wani abu kafin ka jona.

Salla da abinci

Agogon Manaus yana bayan namu da awa 5, na Iquitos da awa 6. Wurin yana dab da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida duk shekara, kuma duhu yana rufawa da sauri bayan magariba. Ka sauke jadawalin salla a waya tun kana da intanet. Alƙibla daga Manaus da Iquitos tana wajen digiri 68 zuwa 69 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata hagu, kusan daidai da yadda muke fuskanta a Zariya. Ƙarfen jirgi yana rikita kamfas ɗin waya, don haka ka fito fili ka gwada, ka kuma lura da mafitar rana. Jirgin da ke tafiya yana juyawa da lanƙwasar kogi. Da asuba yawanci yana ɗaure, ya fi sauƙi. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ka tattauna da malaminka kafin ka tashi, domin fitar yamma takan cinye magariba.

Ka rubuta wa kamfani tun lokacin biya cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, ka maimaita wa mai dafa abinci ranar farko. A Birazil sunan alade porco, kitsensa banha; yana cikin dafaffen waken da suke kira feijoada, sau da yawa kuma ana soya garin rogonsu, farofa, da shi. A Peru cerdo ne ko chancho, kitsen manteca. Tacacho, wato dakakkiyar ayaba, da shi ake haɗa ta, a ci da cecina, busasshen naman alade. Abin shan maraba da ake miƙo maka a ƙofa yawanci da giya a ciki, haka masato na rogo da ake ba baƙo a ƙauye idan ya kwana biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce kifi da kayan lambu kaɗai. Ba za ka yi rashi ba: akwai paiche, wanda Birazil ke kira pirarucu, kifin da kan kai mita 3, ya fi duk giwan ruwan da aka taɓa ɗagawa a Argungu, ga kifin tambaqui, ga shinkafa da rogo da ayaba.

A cikin kwalekwale

Ana fita ƙarfe shida na safe ko kafin nan, a dawo karin kumallo, a sake fita da hantsi, a huta da rana tsaka, a fita da la'asar har duhu. Kada ka bar fitar asuba ta wuce ka. Awa biyun farko sun fi sauran yinin duka. Ka ɗaure rigar kariya daga nutsewa kafin ka taka kwalekwale, idan ba ka iya ruwa ba ka faɗa wa ɗan jagora ba tare da kunya ba. Wajen shiga, ka kama damtsen ma'aikaci shi ma ya kama naka, ka taka tsakiya, ka zauna nan take. Kada ka sa yatsu a gefen kwalekwale lokacin da yake matsowa jikin jirgi.

Ɗan jagora yana nuna wuri da lissafin agogo: sha biyu gaba, uku dama, tara hagu. Ka fara gano abin da idonka, ka kafe shi, sannan ka ɗago madubin zuwa idon ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Wanda ya fara kallon madubin sai ya yi ta lalube cikin ganye.

Ka dubi itatuwan cecropia masu farin jiki da faffaɗan ganye a bakin ruwa. Wani dunƙule mai ruwan toka a tsakanin rassa, kamar sheƙar gara, sau da yawa shi ne silot, dabbar nan mai farata uku da ke rataye tana motsi kamar ba ta so, har gansakuka ke tsirowa a gashinta. Dolfin mai ruwan hoda yana son mahaɗar rafi da kogi. Za ka fara jin hucinsa, fuu, kafin ka ga bayansa ya ɓullo ya nutse, ba ya tsalle kamar ɗan'uwansa ƙarami mai ruwan toka. Idan aka kashe inji ka yi shiru: rurin da ke tashi da asuba kamar guguwa daga nesa birin howler ne. Da dare ana haska tocila a gefen ruwa, jajayen ɗigo biyu idon kada ne. Akwai karen ruwa babba mai kusan mita 1.8, da ayu irin namu na Binuwai amma da wuya a gan shi, da ganyen bado na Victoria da faɗinsa kan kusa mita 3. Damisar can, jaguwa, kusan ba a ganinta daga jirgi a Amazon. Duk wanda ya yi maka alkawarinta yana sayar maka da fata ne.

A tafiyar ƙasa, kada ka dafa bishiya ba ka duba ba. Wasu suna da ƙaya tun daga gindi, wasu gidan tururuwa ne masu cizo, akwai kuma wata baƙar tururuwa mai tsawon gaɓar yatsa da zafin harbinta ke kai yini guda. Ka bi sawun ɗan jagora, kada ka tsallake gungume sai ka ga bayansa, domin macijin da ya fi sarar mutane a can launin busasshen ganye ne da shi, kamar kububuwa. Iyo sai inda aka ce. Kifin piranha ya fi cizon mutum wajen cire masa ƙugiya, ka bar ma'aikaci ya cire. A ruwa mara zurfi mai yashi ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa, saboda wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke binne kansa.

Idan an sauka ƙauye, ka nemi izini kafin hoto, ka sayi kwando ko sassaƙa kai tsaye daga mai yi. Kada ka biya a ɗora maka silot ko ɗan biri ko mesa don hoto: daga daji aka kamo su, sau da yawa bayan an kashe uwar, kuma ba sa daɗewa. Gashin aku da haƙori da fata haramtattu ne a fitar, kwastan na ƙwacewa. Duk wanda ya tallata maka ayahuasca a matsayin maganin gargajiya, abin gusar da hankali ne, ka ƙi.

Bayan ka dawo Zariya, ka ƙarasa maganin maleriya har ƙwayar ƙarshe. Idan zazzaɓi ya zo ko da bayan wata shida ne, ko wani ƙurji ya zama gyambo ya ƙi warkewa bayan makonni, wanda cizon wani ƙanƙanin ƙuda ke jawowa, ka je asibiti ka faɗi ƙasar da ka je da ranakun. Idan gwaji ya nuna vivax, maganin da ke kashe ta a hanta shi ne primaquine, kuma ba a shan sa sai an auna G6PD a jini, wato wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, domin ƙarancinsa ya yawaita a cikinmu kuma maganin na iya fasa jinin mai wannan ƙarancin.